Bautar Ƙasa ko Gayyar Ƙasa?



Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko hanyar Katsina wadda ta ratsa Bichi da Tsanyawa, ya san wannan gani. Mota takan tsaya a bakin kasuwa, wani saurayi ya sauko da farar riga da wandon kaki mai ruwan ganye, jaka a kafaɗa, takarda a hannu. Yana tambayar hanyar sakatariyar ƙaramar hukuma da Turanci, yara kuwa suna binsa suna kira, "Kofa! Kofa!" Wataƙila daga Inugu ya fito, ko Ibadan, ko Kalaba. Bai taɓa ganin rumbu ba, bai san bambancin gero da maiwa ba. Gwamnati ce ta aiko shi ya zauna tare da mu kusan shekara guda. Wani lokaci ranar Lahadi mukan gan shi a bencin baya na coci, yana ƙoƙarin bin waƙar da bai ji ma'anarta ba.

A rediyo ana kiransu masu yi wa ƙasa hidima. A bakin jama'a kuwa sunansu 'yan bautar ƙasa. Kalmar bauta tana da nauyi a harshenmu. Ita ce aikin bawa ga wanda ya mallake shi, ita ce kuma sujada wadda ta cancanci Allah shi kaɗai. Ƙasa ba ta mallaki 'ya'yanmu ba, ba kuwa abin yi wa sujada ba ce. To, me ya ba ta iko ta ɗauki shekara ɗaya daga rayuwar matashi? Aikin da doka ta ɗora wa mutum, yana da wata daraja? Wannan tambaya ta shafe mu ta gefe biyu, gama muna karɓar 'ya'yan waɗansu, ana kuma ɗaukar namu a kai su nesa.

Asalin shirin

Yaƙin basasa ya fara a watan Yuli na 1967, ya ƙare a watan Janairu na 1970. Ya bar kaburbura masu yawa, ya kuma bar tsoro da zargi tsakanin kabilu. Janar Yakubu Gowon ya ce za a sasanta, a gyara, a sake gina ƙasa. Cikin wannan niyya ne aka kafa hukumar NYSC da doka mai lamba 24, ranar 22 ga Mayu, 1973. Ɗaliban jami'o'i sun yi zanga-zangar ƙin shirin kafin ya fara, amma a wannan shekara matasa 2,364 suka fita zuwa jihohi 12 da ake da su a lokacin. Kanar Ahmadu Ali ne darekta na farko. An sabunta dokar a 1993, tsarin mulkin 1999 kuma ya ba ta kariya, yadda ba a iya soke ta sai an gyara tsarin mulkin kansa. A 'yan shekarun nan kuwa waɗanda ake ɗauka kowace shekara sun kai dubban ɗaruruwa.

Tsarin a fili yake. Wanda ya gama jami'a ko babbar difloma kafin ya wuce shekara 30, ana tura shi wata jiha wadda ba tasa ba. Yakan yi mako uku a sansani; sansanin Jihar Kano yana Kusalla, a ƙasar Ƙaraye. Daga nan a ba shi wurin aiki, yawanci makaranta, wani lokaci asibiti ko ofis. Rana ɗaya a mako kuma ta aikin raya al'umma ce. A ƙarshe a ba shi takardar shaida, wadda in babu ita ƙofofin aikin gwamnati da na manyan kamfanoni sukan rufe masa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. Tanzaniya ta kafa nata a 1963 a zamanin Julius Nyerere, Ghana ma a 1973. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya bayan 1974, samarin ƙauyuka suka riƙa gina azuzuwan makaranta da hannunsu. Akwai kuma na sa kai zalla, kamar ƙungiyar VSO ta Ingila wadda ta fara a 1958, da Peace Corps da Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa a 1961, waɗanda matasansu suka koyar a makarantun sakandare na Nijeriya bayan samun 'yancin kai. Waɗannan su suka ɗaga hannu suka ce a aike su. Namu kuwa kira ne wanda ba a ƙin amsa shi.

Tilas iri biyu ce

Kakanninmu sun san aikin tilas, sun kuma ba shi suna. Tsakanin 1942 da 1944, a lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawan mulki sun riƙa kwasar maza daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos. Mutane suka kira shi diban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Wanda aka ɗiba bai ci moriyar kuzar ba, ba a tambaye shi ba, ba a kuwa damu ko ya koma gida da rai ba.

Amma waɗannan kakanni sun san wata tilas dabam, wadda ba sa kuka da ita, wato gayya. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, ko ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina, sai ya gayyaci samarin gari. Su zo da fartanyoyinsu da sassafe, makaɗi yana binsu da gangar noma, kafin la'asar sun gama abin da zai ɗauke shi mako biyu. Babu ɗan doka da ke kama wanda ya ƙi zuwa, duk da haka kowa ya san ba a ƙin gayya. Wanda ya noƙe yau, ran da tasa ta taso zai tsaya shi kaɗai a gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Me ya raba diban gwamna da gayya, tun da dukansu akwai dole a ciki? A gayya, amfanin aikin yana komawa ga maƙwabci wanda kake gani da idonka. Layi yana zagayowa kan kowa, ɗan mai unguwa da ɗan talaka. Mai gayya kuma yana da nasa nauyi: ya dama fura, ya tuƙa tuwo, ya raba goro, wanda ya sare ƙafa da fartanya a ɗaure masa ciwon a raka shi gida. In waɗannan suka cika, dole ta zama zumunci. In suka ɓace, ko da an buga ganga an rera waƙa, diba ce kawai. Da wannan mudu ya kamata mu auna shekarar hidima.

Bashin da ke kan mai ilimi

Akwai nauye-nauye da yawa waɗanda ba mu zaɓa ba, ba su kuwa zama zalunci don haka ba. Ba wanda ya zaɓi iyayensa, amma kowa ya san haƙƙinsu yana wuyansa. Haka yake ga wanda ya yi karatu mai zurfi. Ko da iyayensa sun sayar da akuya da buhun wake sun biya kuɗin makaranta, ba su suka gina jami'ar ba. Dalar gyaɗar da aka yi ta tarawa a Kano kafin man fetur ya karɓe kasuwa, daga gonakin Gezawa da Minjibir da Ɗambatta da makamantansu ta fito. Hukumar sayen amfanin gona takan biya manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuma tana cikin abin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi ayyukan raya ƙasa da shi, a zamanin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Yawancin manoman nan ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, 'ya'yansu ma kaɗan ne suka taka. Saboda haka idan mai digiri ya tsaya gaban allo a makarantar ƙauye, bashi yake ragewa. Bai kamata ya ɗauki kansa mai ba da sadaka ba.

Sai dai doka ƙafa take kawowa, ba ta da iko a kan zuciya. Matasa biyu za su iya sauka daga mota ɗaya da takarda iri ɗaya. Ɗaya ya riƙa ƙirga kwanaki kamar ɗan sarƙa, yana zuwa sa hannu ƙarshen wata don a biya shi alawus. Ɗayan ya koyi sunayen ɗalibansa, ya tambayi abin da ya hana wance zuwa makaranta ranar kasuwa, ya zauna da su bayan an tashi. Gwamnati ce ta aiko su duka biyu, amma na biyun ya aiki kansa bayan ya iso. A nan ne sa kai yake shigowa cikin aikin dole, a nan kuma darajar aikin take. Wannan zaɓi yana hannun matashi kowace safiya, ba wata doka da za ta yi masa shi.

Abin da baƙo yake tafiya da shi

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Matashin da ya taso a Legas ko Fatakwal ya ji labarin Arewa, yawancinsa labarin tsoro. Idan ya zauna a Kunchi ko Makoɗa, zai ga abin da jarida ba ta faɗa masa ba. Zai ga ƙasa mai yawan jama'a ƙwarai, inda gona take manne da gona, babu saura, babu daji, ana noma wuri ɗaya kowace shekara tun kaka da kakanni, ƙasar kuwa ba ta mutu ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, ɗan Ingila wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya cewa hikimar manoma ce ta riƙe shi. Da rani ana kwasar takin awaki da tumaki da toka da shara, a ɗora wa jaki a mangala, a zuba tsibi-tsibi a gona. Ana shuka gero da dawa, a sa wake da gyaɗa a tsakani. Ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye, kowane itace da mai shi. Harawa ta koma ga dabbobi, dabbobi su mayar da taki. Ba abin da ake zubarwa.

Mai digirin da ya buɗe ido ya ga wannan, zai gane cewa ilimi bai ƙare a aji ba. Zai koma gida da ɗan abin da ya tsinta na Hausa, da ɗanɗanon fura a bakinsa, da sunan wani dattijo wanda ya aiko masa da damin gero bai nemi kome ba. Ran da wani ya tashi a garinsu yana zagin mutanen Arewa gaba ɗaya, shi ba zai iya sa baki ba, domin ya san waɗansu da sunansu. Abin da waɗanda suka kafa shirin suka nema ke nan a 1973. Ba a iya ƙirga shi a takarda, amma ƙasar da ta taɓa yaƙi da kanta ta san tamaninsa.

Abin da gari yake samu

A makarantun sakandare da yawa na karkara, ɗan hidima ne yake koyar da lissafi ko kimiyya ko Turanci, domin babu wani. A waɗansu asibitocin ƙananan hukumomi, likitan da mai jinya zai gani ɗan hidima ne. Sun taimaka a rigakafin shan inna da ƙidayar jama'a, tun daga 2011 kuma su ne yawancin masu kula da rumfunan zaɓe. 'Yar ƙauyen da ta ga budurwa kamarta ta zo daga nesa tana riƙe da aji, ta ga wata hanya da ba ta san akwai ta ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa tana jiƙa ganye da safe, rana ta fito ta tafi. Ɗan hidima yakan ɓata watanni kafin ɗalibai su saba da harshensa, shi ma ya gane nasu. Suna fara fahimtar juna sai lokacinsa ya cika, a kawo wani a koma farko. Makarantar da ta dogara ga baƙi kaɗai tana kama da gonar da ke jiran raɓa maimakon ruwan sama. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, abin da ya nuna girman giɓin. Ba daidai ba ne hukuma ta fake da 'yan hidima ta ƙi ɗaukar malamai na dindindin. Gayya tana taimakon mai gona, ba ta maye gurbinsa.

Saboda haka ɗan hidima mai hankali zai yi koyi da manomin da ya tarar. Mai kai taki a watan Maris ba ya ganin amfaninsa sai da kaka, wani takin ma sai baɗi. Allon sanarwa mai ɗauke da sunan wanda ya kafa shi, iska da gara za su ci. Abin da yake zama shi ne yaro uku ko huɗu da suka iya karatu sosai har suna koya wa ƙannensu, ko malamin gari da aka nuna masa yadda ake amfani da kwamfuta, ko itatuwan da aka dasa aka danƙa wa wani ban ruwansu. Duk aikin da ba a sa ɗan gari a ciki ba, zai tafi tare da mai shi.

Nauyin mai gayya

Yanzu bari mu juya mudun nan a kan masu gayyata. Na farko gwamnati. An ƙara alawus zuwa naira 19,800 a 2011, zuwa 33,000 a 2020, aka kuma fara biyan 77,000 a 2025, kullum tsadar abinci da kuɗin mota suna gaba, ƙarin yana biye a baya. Wannan batun fura ne da tuwo. Akwai wanda ya fi shi nauyi, wato batun rai. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilu 2011, an kashe 'yan hidima 10 a Jihar Bauchi, matasan da laifinsu kawai shi ne sun yi aikin da aka sa su. A watan Agusta 2023 'yan bindiga sun sace matasa takwas 'yan Akwa Ibom a hanyar Zamfara, suna tafiya sansanin Sakkwato. Na ƙarshensu sai da ya yi kusan shekara a daji. Ba abin mamaki ba ne da aka gabatar da ƙudurin soke shirin a Majalisar Wakilai a 2021, ko da yake bai zama doka ba. Uwar da ta ce ba ta yarda a kai ɗanta inda ba a tabbatar da tsaronsa ba, ba mai ƙin ƙasa ba ce. Hukumar da ta kira ɗan mutum ta kasa tsare shi ta karya sharaɗin gayya.

Sharaɗin zagayowar layi ma ana karya shi. Kowa ya san mai hanya yakan sa a bar ɗansa a Abuja ko Legas, ɗan wanda ba shi da kowa ne ake kaiwa ƙauyen da babu wuta. Kafin mu nuna wasu da yatsa, mu tambayi kanmu. Ran da aka tura ɗanmu Ebonyi ko Bayelsa, ba mu ne muke neman takardar asibiti ta ƙarya don a dawo da shi Kano ba? Muna son 'ya'yan wasu su zo su koyar da namu, namu kuwa kada su je ko'ina. Wanda yake cin gayya ba ya zuwa ta wani, garinsu sun san sunansa. Inda akwai ciwo na gaskiya ko hatsari na gaskiya, doka ta ba da hanya. Inda babu, ƙaryar da muka koya wa yaro a bakin ƙofar aikinsa na farko za ta bi shi cikin ofis har ya tsufa.

Na biyu mu, masu masauki. Gwamnati tana nesa, mu ne muke kusa. Mun sha ganin an sauke baƙo a ɗakin da rufinsa ke yoyo, babu ƙyaure, babu makewayi. Mun ji labarin shugaban makarantar da yakan ce wa ɗan hidima ya tafi birni ya yi zamansa, a riƙa sa masa hannu, a raba alawus. Wannan sata ce daga yaran da ke zaune a ƙasa suna jiran malami. Mun kuma ga 'yan kasuwa suna ninka wa baƙo farashi don bai ji Hausa ba. Duk wannan yana cikin abin da zai kai gida a matsayin labarinmu.

Abin da ake bukata daga gare mu bai fi ƙarfinmu ba. A kai baƙo ya gaida dagaci da limamin gari a makon farko, domin wanda manya suka sani yana da inuwa. A faɗa masa al'adun wurin cikin mutunci, musamman 'yan mata, game da sutura da shiga gidajen mutane, tun kafin ya yi kuskure. A duba ɗakinsa kafin ruwa ya sauka. In ya kwanta da zazzaɓi, a samu wanda zai kai shi asibiti ya kuma kira iyayensa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa su san 'yan hidima nawa ne a yankinsu, Kirista da Musulmi, gama dukansu baƙinmu ne, dukansu kuma wata uwa tana kwana da tunaninsu. Ran da hankali ya tashi, Allah ya kiyaye, ƙofarmu ta zama a buɗe gare su, kamar yadda magidanta na addinai biyun nan suka sha ɓoye maƙwabtansu a lokutan tarzoma.

Wane suna za mu ba shi?

Gayyar noma tana raguwa a ƙauyukanmu. Ƙwadago ya karɓe wurinta, samari kuma da an gama girbi sai cin rani a birane. Yaranmu suna tasowa cikin duniyar da kowane aiki yana da farashi. Shi ya sa shekara ɗaya wadda matashi zai yi wa mutanen da ba danginsa ba aiki, a wurin da bai zaɓa ba, take da tamani, ko da shirin yana da ramuka. Wanda ya koyi hidima yana ɗan shekara 25, akwai begen ya tuna da ita ran da ya hau kujera.

Dokar 1973 ba za ta iya yanke ko wannan bauta ce ko gayya ba. Masu yankewa su ne hukumar da ta aika, da matashin da aka aika, da garin da ya karɓa. Biyu daga cikin ukun nan suna cikin gidajenmu. Nan da 'yan makonni wata mota za ta sake tsayawa a bakin kasuwa, wani ɗan mutane ya sauko da jaka da takarda. Bari ya tarar da ruwan sha da wanda zai nuna masa hanya. Namu da za su tafi kuwa, mu sallame su da addu'a, mu gaya musu su yi aiki a can kamar yadda muke so a yi wa ƙannensu a nan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya tsare masu tafiya, ya ba masu masauki zuciyar karɓa, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.